Abin da Ke Sa Zare Mai Launuka Ya Yi Kyau a Naɗe, Ya Ɓaci a Jikin Safa

Masu saƙar safa da hannu a ƙasashen sanyi, irin su Jamus da Ingila da Amurka da arewacin Turai, suna da wata matsala da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, wato ta zaren da aka rina da launuka da yawa a jere. Mutum zai ga zaren a shago a naɗe, shuɗi yana shiga kore, kore yana narkewa cikin rawaya, ya saya da tsada, ya zaɓi tsarin saƙa mai ado wanda ya gani a hoto, ya kwashe kwanaki yana aiki, sa'an nan ya ɗaga safar ya tarar da ɗayan abu biyu: ko dai launukan sun taru wuri guda sun yi dabbare-dabbare, ko kuma sun cinye adon da ya sha wahalar fitarwa har ba a iya gane shi. Da yawa suna ɗora laifin a kan rashin sa'a, alhali abin yana da dalilai biyu da za a iya aunawa tun kafin a ɗora zare a kibiya. Na farko shi ne tsawon kowane launi idan aka gwada shi da tsawon zaren da zagaye ɗaya na safa yake ci, na biyu kuma shi ne tazarar da ke tsakanin launi mafi haske da mafi duhu a cikin zaren.

Matsalar sabuwa ce idan aka dubi tsufan sana'ar. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai safar wani yaro da aka samo a Antinopolis ta ƙasar Masar, wadda aka yi wajen ƙarni na 3 ko na 4 da allura guda, tana da ratsi-ratsin launuka da dama, kuma binciken da aka fitar a 2018 ya nuna cewa daga tsirrai uku kawai aka samo rininta. Safunan da aka saƙa da kibiya a Masar ta zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 14, na auduga ne fari da shuɗi, masu ado mai sarƙaƙiya. A duk waɗannan, mai saƙa ne yake yanke inda launi zai fara da inda zai tsaya, domin shi ne yake ajiye wannan zare ya ɗauki wancan. Zare mai sauya launi ya ƙwace wannan hukunci daga hannunsa ya miƙa wa marini, wanda bai san girman ƙafar da za a saƙa wa safar ba, bai kuma san tsarin da za a bi ba.

Safa bututu ce. Ana saƙa ta a zagaye, da gajerun kibiyoyi huɗu ko biyar masu tsini biyu, ko da kibiya biyu da aka haɗa da waya mai lanƙwasa, kuma aikin yana hawa ne yana kewayawa ba tare da an juya shi ba sai an zo dunduniya. Zaren da aka saba amfani da shi siriri ne, kashi 75 cikin 100 gashin tumaki, kashi 25 nailan domin ya jure gogar takalmi, kuma gram 100 yakan ba da mita 400 zuwa 425, abin da ya ishi safa biyu ta babban mutum. Da kibiya mai kaurin milimita 2.25 ko 2.5 ana samun ido 30 zuwa 32 a santimita 10, inda ido yake nufin kowane zargen zare guda da ke kan kibiya. Safar manya takan fara da ido 56, ko 60, ko 64, ko 68, ko 72, kuma dole ne kewayenta ya gaza na ƙafa da kimanin kashi 10 cikin 100 domin ta kama jiki kada ta zame. Wannan ne ya sa safa ta fi mayafi ko bargo wahalar sha'ani a nan: mai saƙa mayafi yana iya ƙara faɗi ko ya rage har sai launi ya zauna yadda yake so, amma mai saƙa safa ƙafa ce ta riga ta yanke masa adadin idonsa, kuma filin da yake da shi na motsi bai wuce ido kaɗan ba.

A irin wannan saƙa, kowane ido yana cin zaren da ya kai kimanin santimita 1.25, saboda haka zagaye ɗaya na ido 64 yana cin wajen santimita 80. Adadin yakan ɗan bambanta daga hannu zuwa hannu, amma ya isa a yi lissafi da shi. Shi kuwa marinin da yake rina zare da hannu, a gammo yake rina shi, wato babban zobe na zare wanda kewayensa yakan kusanci mita ɗaya da rabi. Yana shimfiɗa gammon, ya zuba launi a wannan yanki, ya zuba wani a wancan, ya sa ruwan tsami da zafi domin rinin ya kama gashin. Duk zaren da ke cikin gammon ya bi ta yankunan nan iri ɗaya, don haka jerin launukan yana maimaita kansa a kowane santimita 150 ko kusa da haka, tun daga farkon zaren har ƙarshensa. Ke nan abubuwa biyu ne suke kewayawa a lokaci guda, wato safa mai zagayen santimita 80 da launi mai zagayen santimita 150, kuma duk abin da za a gani a jikin safar daga haɗuwar waɗannan lambobi biyu yake fitowa.

Ɗauki misalin gammo mai santimita 150 wanda santimita 120 nasa shuɗi ne, 30 kuma rawaya. A ƙidayar ido, jerin yana maimaituwa a kowane ido 120, kuma rawayar tana mamaye ido 24. Idan aka fara safa da ido 60, zagaye biyu cif suna cinye jeri ɗaya, saboda haka rawayar za ta riƙa faɗowa a wuri guda bayan kowane zagaye biyu, ta hau kan 'yar'uwarta, har ta gina dogon tabo daga ƙwauri zuwa idon sawu a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa ya zauna shuɗi zalla. Idan aka ƙara ido huɗu kacal, aka fara da 64, zagaye biyu sun zama ido 128, rawayar tana isowa da wuri da ido 8 a kowane karo, sai tabon ya karkace ya zama ratsi mai naɗe ƙafa, wanda yake kammala kewaye ɗaya a cikin zagaye 15. Idan aka rage zuwa 56, ratsin yana nan amma ya juya ya naɗe ta ɗaya hannun, domin yanzu rawayar makara take yi da ido 8. A ido 62 gocewar ido 4 ce kawai, don haka ratsin ya fi miƙewa tsaye, ya fi kauri, ya fi kuma jan hankali. A ido 72 kuwa lamarin ya sake gaba ɗaya: jeri uku suna cika zagaye biyar daidai, rawayar tana ziyartar kowane kashi uku na safar bi da bi, sai ta warwatsu ta zama gajerun layuka ko'ina ba tare da ta taru ba. Zare ɗaya ne, marini ɗaya, amma safa biyar mabambanta.

Yawancin gammunan da ake rinawa sun fi wannan misali rikitarwa, domin marini yakan ninke gammon biyu ya tsoma, ta yadda jerin zai tafi ya dawo, ja, ruwan goro, rawaya, ruwan goro, ja, kuma irin wannan jeri mai komawa da baya yakan haifar da ratsi biyu masu giciye da juna maimakon ɗaya. Amma ƙa'idar ba ta canzawa. Duk lokacin da tsawon jerin launi ya yi kusa da ninkin tsawon zagaye, sau ɗaya ko sau biyu ko sau ɗaya da rabi, launi zai taru, kuma gwargwadon kusancin, gwargwadon tsayuwar tabon.

Akwai wani abin da yake ƙara dagula lissafin, shi ne ƙarfin hannun mai saƙa. Idan mutum ya sassauta hannunsa har kowane ido ya ƙara cin milimita ɗaya tak, a zagaye mai ido 64 ya ƙara fiye da santimita 6, wanda ya zarce abin da ƙarin ido huɗu zai kawo. Shi ya sa mutum biyu za su sayi zare iri ɗaya, su bi tsari ɗaya da adadin ido ɗaya, ɗaya ta samu ratsi mai kyau ɗaya kuma ta samu dabbare. Shi ya sa kuma tabo yakan tafi dama na ɗan lokaci a jikin safa guda, ya tsaya, ya komo hagu, saboda hannun da ya saƙa farkonta da safe ba shi da ƙarfi ɗaya da wanda ya ci gaba da ita da dare a gajiye. Hoton safar da wani ya saƙa da zaren yana nuna abin da zai iya faruwa ne kawai, ba ya zama alkawari.

Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne gindin dunduniya. A tsarin da aka fi sani, ana raba idanu biyu, a saƙa rabi gaba da baya har a samu ɗan faifan da zai rufe bayan dunduniya, a lanƙwasa shi, sa'an nan a tsinci sababbin idanu a gefunansa biyu a koma zagaye. A wannan gaɓa safar da ta fara da ido 64 takan kai 80 ko fiye, daga nan a riƙa rage biyu bayan kowane zagaye biyu har a dawo 64. A misalinmu na sama, ido 80 yana nufin jeri biyu suna cika zagaye uku daidai, wato wani wurin taruwa ne, don haka launin yakan tsaya cik ya yi tabo a bayan ƙafa, sa'an nan ya fara gocewa yayin da idanu suke raguwa, yana sauya kusurwa a kowane ragi. Safar da ta zo da ratsi mai tsari tun daga sama sai ta hargitse a daidai inda takalmi buɗaɗɗe yake nuna ta.

Duk wannan bayani a kan zare mai gajerun launuka ne, waɗanda ba su wuce zagaye ɗaya ko biyu ba. Idan launi ya yi tsawon da zai cika zagaye da yawa, sai ya daina yin tabo ya koma ratsi na sosai. Ratsi mai zagaye biyar yana bukatar wajen mita 4 na launi guda, saboda haka marinin da yake son zare mai ratsa kansa da launi huɗu sai ya warware gammon ya mai da shi zobe mai mita 16 ko fiye kafin ya rina, aikin da yake da cin lokaci, wanda kuma shi ne dalilin tsadar irin wannan zare. Masana'antun Jamus sun mai da abin aikin inji. Zaren Regia da na Opal (na biyun kamfanin Tutto ne yake yin sa a garin Hechingen), ana buga musu launi ne a tsawon da aka lissafa, har da 'yan ɗigo-ɗigon baƙi da fari waɗanda idan aka saƙa sukan fito tamkar ado mai zare biyu. An lissafa su ne a kan safar babban mutum mai ido sittin da 'yan kai, kuma wanda ya kauce da nisa daga wannan adadi zai ga ratsin ya sirance ko ya kumbura, ƙananan adon kuma su rushe. Can gaba da waɗannan akwai zare irin na Noro na Japan da Zauberball na Jamus, inda launi yake tafiya mita da yawa yana rikiɗa a hankali, ta yadda safa ɗaya za ta iya farawa da shunayya ta ƙare da kore.

Ga zare mai ratsa kansa, zaɓin dunduniya ya fi zaɓin ado muhimmanci. Dunduniya mai faifai tana cinye wani yanki na jerin launin, sai ratsin bayan ƙafa ya yanke ya tsallake, ratsin da ke biye kuma ya sirance saboda zagayen ya faɗaɗa. Mafita ita ce dunduniyar da ake sakawa daga baya: a saƙa bututun a miƙe tun daga sama har yatsu, a bar alama da wani zare a inda dunduniya za ta zauna, bayan an gama a buɗe wurin a saƙa ta a zagaye. Ratsi ba ya yankewa ko kaɗan, dunduniyar ma takan fito da zobba masu kyau. Aibinta shi ne ba ta da zurfi, kuma mai tudun ƙafa yakan ji ta matse shi, sai an ƙara mata 'yan layuka a kusurwa.

Dalili na biyu, wato haske da duhu, shi ne yake yanke hukunci a kan ado. Adon saƙa iri biyu ne suka fi shahara a safa. Akwai na kitso, inda ake ɗaga wasu idanu a tsallakar da su kan wasu har su yi tudu mai murɗewa, akwai kuma na huji, inda ake buɗe ƙananan ramuka a jere su zana ganye ko lu'ulu'u. Na kitso da inuwa yake rayuwa, domin abin da mai kallo yake gani shi ne hasken da ya sauka a kan tudun da duhun da ya kwanta a gefensa. Na huji kuma yana rayuwa ne da bambancin da ke tsakanin zare da abin da ke bayan ramin. Duka biyun bambanci ne mai rauni. Idan zaren da kansa yana tsalle daga fari zuwa baƙin shuɗi a kowane ido goma, wannan tsalle ya fi inuwar kitso ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma gani yakan bi abin da ya fi ƙarfi. Ƙari a kan haka, layukan launi a kwance suke tafiya, kitso da ganye kuwa a tsaye suke hawa, don haka kowane sauyin launi yana datse adon ta tsakiya. Yawan launuka ba shi ne abin tsoro ba. Zare mai ja da shunayya da ruwan ƙasa waɗanda duhunsu ya yi kusa da juna yana iya ɗaukar kitso, alhali zare mai launi ɗaya tak, shuɗi, wanda yake tafiya daga mai haske ƙwarai zuwa mai duhu ƙwarai, zai shafe shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce a ɗauki hoton zaren da waya a mai da shi baƙi da fari. Idan gammon ya fito kusan toka ɗaya, zai karɓi ado mai sarƙaƙiya; idan ya fito da fari fat a nan da baƙi wuluk a can, to saƙa mai sauƙi ce abokiyarsa. Zaren da aka rina a tukunya da launi guda mai ɗan hawa da sauka shi ne ya fi dacewa da kitso da huji, har ma yakan ƙara musu zurfi. Mai roɗi-roɗi, wanda ake barbaɗa wa garin rini a kan farin gindi, yana tsakiya: ɗigonsa bai wuce ido ɗaya ko biyu ba, saboda haka ba ya taruwa, amma idan ɗigon ya yi yawa ya yi duhu yakan rikita ƙananan huji. Ya kamata a sani kuma cewa yawancin zaren safa na yau an yi masa maganin da zai hana shi cuɗewa a injin wanki, kuma gashin da aka yi wa wannan magani yana shan rini da sauri da ƙarfi, abin da ya sa launukansa suka fi kaifi, iyakokinsu kuma suka fi fitowa, fiye da na gashin da ba a taɓa ba.

To, zare mai tsananin bambanci, wane tsari ne yake karɓarsa? Saƙa sumul, wadda ba ta da ado ko kaɗan, tana barin zaren ya nuna kansa, kuma ga zare mai ratsa kansa ko mai rikiɗa a hankali ita ce zaɓin da ba a cika yin nadama a kansa ba. Ga mai gajerun launuka, abin da ake nema shi ne tsarin da zai karya layin kwance. Idon baya, wato wanda ake saƙawa a juye, idan aka warwatsa shi a cikin idon gaba na saƙa sumul, yana yin haka kaɗan, domin kowane idon baya yana fito da ɗan ƙullin zagayen da ya gabata, sai launi biyu su cakuɗa a wurin. Idon da ake tsallakewa ba a saƙa shi ba ya fi wannan tasiri, saboda yana jawo launin zagayen ƙasa ya miƙa shi sama ya ratsa na yanzu, kuma yana rage zaren da zagayen yake ci, wanda shi kaɗai yana iya rushe lissafin da ya haifar da tabo. Sai kuma tsarin da ake ƙara ido a wani wuri a rage a wani, wanda yake lanƙwasa layukan su zama zigizag ko igiyar ruwa. Wannan na ƙarshe ba ya faɗa da ratsi, amfani yake yi da shi, kuma a ganina shi ne mafi kyawun abin da za a yi da zare mai ratsi matsakaici, domin ado da launi suna aiki ɗaya maimakon su yi takara.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan magunguna yana da farashi, kuma a jikin ƙafa ake biyansa. Saƙar zigizag tana karkatar da idanu, karkatattun idanu kuwa ba sa buɗewa kamar miƙaƙƙu. Idon tsallake yana matse saƙa ta faɗi da ta tsawo. Wurin da ya fi ko'ina faɗi da safa za ta wuce shi ne layin da ya taso daga ƙarshen dunduniya ya kewayo ta gaban idon sawu, kuma safa da yawa masu kyan gani sun maƙale a nan sun ƙi shiga. Wanda ya zaɓi irin wannan tsari sai ya ƙara ido ko ya ɗauki kibiya mai ɗan kauri, kuma da ya yi haka tsawon zagayensa ya sauya, lissafin launi ya koma sabo. Wannan ne ya sa ba a iya warware batun launi daban da batun girma.

Akwai dabarun da ba sa taɓa girman safa. Ana iya saƙawa da bakin zare biyu, ɗaya daga cikin dunƙule ɗaya daga wajensa, ana musanya su a kowane zagaye, ta yadda jeri biyu za su shiga tsakanin juna su hana kowannensu taruwa. Ana iya sa zare mai launi ɗaya a bakin safa da dunduniya da yatsu, abin da yake ba zare mai hayaniya iyaka, yake kuma hana dunduniya cin jerin launi. Ana iya haɗa shi da zare mai launi ɗaya a ado mai zare biyu, inda mai sauyawar zai zana fure ko tauraro a kan gindi tsayayye. A nan sharaɗin yana da tsanani: kada a samu ko launi ɗaya a cikin mai sauyawar da duhunsa ya yi daidai da na gindin, domin duk inda suka haɗu adon zai ɓace na tsawon wannan yanki, ya bar gurbi a tsakiyar fure.

Ban yarda da masu ɗaukar kowace taruwar launi a matsayin aibi ba. Ratsin da yake naɗe ƙafa a karkace, idan ya tafi da tsari, abu ne da ba a iya samu ta wata hanya cikin sauƙi, kuma akwai masu saƙa da suke neman taruwar da gangan, suna ƙidaya idon kowane launi suna daidaita hannunsu har launukan su jeru su fitar da lu'ulu'u masu giciye. Abin da yake ɓata safa shi ne taruwar da ta tsaya rabi, wadda ta fara tsari ta watsar, ko wadda ta faɗo a kan ado mai tsada ta binne shi.

Gwajin da ya dace gajere ne. A buɗe gammon kafin a dunƙule shi, a auna kewayensa da tsawon kowane launi. A fara safar da adadin idon da ƙafa take bukata, a wuce bakin, a yi alama a zaren, a saƙa zagaye ɗaya, a warware shi a auna abin da ya ci. Idan aka raba tsawon jerin da tsawon zagayen aka samu lamba mai kusa da 1, ko 1.5, ko 2, to taruwa tana tafe. Ɗan ƙyallen gwaji da ake saƙawa a shimfiɗe gaba da baya yana da amfani wajen sanin yawan ido a santimita, amma game da launi yaudara yake yi, tun da faɗinsa ba na safar ba ne kuma zaren yana juyawa a kowane gefe. Safar ce gwajin kanta, kuma santimita 6 ko 7 bayan baki sun isa a ga inda aka dosa, a lokacin da warwarewa ba ta da zafi.

Mata masu saƙa a ƙasar Hausa, waɗanda suke yi wa jarirai hula da safa da rigar sanyi da kibiya ko kwarashi idan hunturu ya gabato, suna haɗuwa da wannan lamari a ulun kasuwa mai launuka, duk da cewa yawancinsa na roba ne kuma ya fi zaren safar Turai kauri. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai ma'aunin ya ƙanƙance. Zagayen safar jariri gajere ne, saboda haka launin da zai zama ɗan guntun layi a rigar sanyi yana iya cika zagaye ɗaya ko biyu a safa ya zama ratsi. Wannan ne dalilin da ya sa hula da riga da safa da aka saƙa da dunƙule iri ɗaya sukan fito kamar ba daga zare ɗaya aka yi su ba. Kwarashi kuma ya fi kibiya cin zare a kowane ido, don haka launi yakan ƙare da wuri a hannunsa ya fito gutsi-gutsi.

Saura batun safa ta biyu. Wanda yake son biyun su fito kamar Hassan da Husaini sai ya fara kowacce a gaɓa ɗaya ta jerin launi, wato ya lura da inda ya ɗora idon farko, misali daidai inda ja ya ƙare fari ya soma, ya warware zare har ya iso irin wannan gaɓa kafin ya fara ta biyu, ko da zai zubar da 'yan mitoci. Dole ne kuma ya tabbatar jerin yana tafiya ta fuska ɗaya, domin dunƙule biyu na gram 50 ba lallai ne an naɗe su ta hanya ɗaya ba, kuma wanda ya ja ɗaya daga ciki ya ja ɗaya daga waje zai samu launukan a juye. Ƙullin da masana'anta sukan yi idan zare ya tsinke a inji yakan tsallake wani yanki na jerin, kuma gyaransa shi ne a yanke ƙullin a nemo inda jerin ya ci gaba. Wannan duka yana aiki ne ga zare mai ratsa kansa. Ga mai gajerun launuka da aka rina da hannu, fara su a gaɓa ɗaya yana taimakawa a zagayen farko-farko ne kawai, daga nan ƙarfin hannu ya karɓi ragama, shi ya sa wasu suke saƙa safa biyun tare a kan doguwar kibiya ɗaya, zagaye a nan zagaye a can, domin duk sauyin da hannu ya yi ya faɗa a kan dukansu a lokaci guda.